Dekin Ƙorai na Injiniya Ja'afaru

Wata tara kacal Ja'afaru ya yi a Abuja, amma da ya dawo Tudun Kanya, ƙauyensu da ke kan hanyar Makoda, sai ka rantse shi ya gina birnin tun daga tushe. Ya sauko daga bayan acaɓa da hular kwano ruwan ɗorawa a ka, da tef ɗin awo maƙale a ƙugu, ya sanar da 'yan majalisar bakin kasuwa cewa daga yau sunansa Injiniya. Waɗanda suka je ci-rani tare da shi sun ce aikinsa a wurin ginin bai wuce riƙe tiyo yana ba bulo ruwa ba. Shi kuwa ya ce hassada ce kawai, ai ba kowa ake ba tiyo ba.

A wannan bazarar ne wani ɗan garin da ke kasuwanci a Legas ya aiko da siminti da rodi a gina wa Islamiyya aji, don Malam Sha'aban da ɗalibansa sun gaji da tserewa daga gindin darbejiya duk sanda hadari ya haɗu. Aka taru a ƙofar masallaci bayan la'asar. Baba Umara birkila, wanda ya shekara arba'in yana gini daga Bici har Minjibir, ya ce abin ba wuya: a buga bulo, a ɗora, a rufa da kwano, kafin ruwan fari an gama.

Ja'afaru ya yi wata 'yar dariya ta tausayi.

"Allah Sarki, Baba! Har yanzu kuna nan kuna ɗora bulo ɗaya bayan ɗaya? A Abuja an daina gina gida. Haɗa shi ake yi."

"Haɗa shi?" in ji Baba Umara. "Kamar kwaɗon rama?"

"Kamar gado, Baba. A zuba ginshiƙai a ƙasa su bushe. Rufin ma a zuba shi a ƙasa, dekin kankare shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ba bim na tallafi ba komai a ƙarƙashinsa. Ranar haɗawa a kafa ginshiƙai huɗu, a ɗauki dekin a ɗora. Kafin azahar an wanke hannu. In Malam ya so bene nan gaba, sai a ƙara wasu huɗun a sama."

"Su da me suke ɗaga shi a can?"

"Da wani inji mai dogon wuya kamar raƙumin dawa."

"To mu ina namu raƙumin dawan yake?"

Ja'afaru ya ƙwanƙwasa hularsa da yatsa. "Nan ilimi ya shigo. Su kansu 'yan ƙasar Canan da na yi aiki da su, nauyin nan ne ya hana su barci. Ni na gano maganinsa, amma na yi shiru. Na ce sai garinmu ya fara amfana."

Kalmar bene ita ta ci mutane. Tudun Kanya ba ta taɓa ganin bene ba sai a kalanda. Nan take aka fara gardamar ko daga sama za a iya hango Makoda. Malam Sha'aban, da yake mutum ne mai taka-tsantsan, ya raba gardama: Baba Umara ya ci gaba da bulonsa, a ba Ja'afaru simintin da aka ware don daɓe da filasta ya gwada fasaharsa a kan rumfar gaban aji.

"Amma ka sani, Malam Ja'afaru," in ji shi, "in rumfar nan ba ta tsaya ba, a kan turɓaya yara za su yi damina."

"Malam, jikokinsu ma za su zauna a ƙarƙashinta."

Washegari Ja'afaru ya buɗe abin da ya kira kamfani a tsakar gidansa, saboda akwai rijiya kusa. Matarsa Raudatu ta fito da tabarmar shanya ta tarar da yashi da tsakuwa sun cinye filin har bakin murhu.

"Baban Tahira, ina zan shanya gyaɗata?"

"Matar injiniya ba ta shanya. Ki fara koyon zaman bene."

"To, matar injiniya tana cin tuwo? Don ka toshe min hanyar murhu."

Aka fara da ginshiƙai. A nan ne aka gano tef ɗin nan na ado ne, ba ya fita fiye da taƙi biyu sai ya cije. Ja'afaru bai damu ba. Ya ce kowane ginshiƙi kamu bakwai ne, ya auna biyu da hannunsa, ya bar wa abokinsa Uzairu mai amalanken shanu ya auna sauran biyun. Ja'afaru gajere ne, in ya tsaya a bayan jaki ba a ganinsa. Uzairu kuwa dogo ne kamar giginya. Babu wanda ya yi tunanin komai a kai.

Sirrin da ya ɓoye wa 'yan Cana sai ranar zuba dekin ya fito. Ya jira Raudatu ta tafi suna maƙwabta, ya shiga ɗakinta ya kwashe ƙorai kaf, manya da ƙanana. Ya kife su sahu-sahu a cikin akwatin katakon da ya haɗa.

"Dubi nan," ya ce wa Uzairu. "Me ke cikin ƙwarya in an kife ta?"

"Ba komai."

"Iska! Iska tana da nauyi? To rabin dekina iska ne. Mutum shida ma sun ɗaga shi."

"Rodin fa? Na ga ka jera a gefe-gefe kawai."

"Ƙarfe nauyi gare shi. Tsakiya karan dawa za mu shimfiɗa. Shekara nawa kara yana riƙe da jinkar rumbu, ka taɓa jin ya kai ƙara?"

Suka kwaɓa, suka zuba, suka shafe. Da Raudatu ta dawo za ta dama fura, ta duba saman randa, ta duba ƙarƙashin gado, ta fito tana tafa hannu.

"Baban Tahira, ina ƙoraina?"

"Sun shiga tarihi."

"Ban gane ba."

Ya nuna mata dekin da haɓa.

"Har da babbar nan da Inna ta ba ni?"

"Ita ce a tsakiya. Ita na ba shugabanci."

Raudatu ta miƙa hannu ta cire hular kwanon daga kansa, ta wanke ta tas, ta dama masa furarsa a ciki.

Ba a gama da wannan ba sai ga awakin Gwaggo Falta, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba gidajensu, sun shigo ta zaure sun bi ta kan ɗanyen kankare a jere, sun zagaya, sun dawo. Da yamma Gwaggo ta shigo riƙe da akuya a wuya.

"Kai Jafaru! Akuyata ta fita ba takalmi ta dawo da guda huɗu. Wa zai cire mata?"

"Gwaggo, ai ke ya kamata ki gode. Kofatonta ba zai ƙara cinyewa ba."

"Sawun da suka bar maka fa?"

"Zane ne. A Abuja sai an yi oda ake samun irinsa."

Gaskiya ɗaya dai, ba kankare ruwa kam Ja'afaru ya iya. Mako uku yana yi safe da yamma, yana lulluɓe shi da buhuna, yana yi masa magana kamar mai jinya, har rijiyar gidan ta fara ba da laka.

Ranar fitarwa ya yi gayya. Majiya ƙarfi talatin suka cika gidan. Baba Umara ma ya zo da 'yar kujerarsa da goronsa, ya zauna a inuwa. Mutum shidan da aka yi alkawari suka kama, dekin bai san ana yi ba. Aka ƙara shida. Sai da duk talatin ɗin suka sa hannu da sanduna sannan ya ɗan motsa.

"Iskar nan taka ta yi ƙiba," in ji Uzairu yana haki.

Baba Umara ya ɓare goro. "Injiniya, ina da tambaya, ta jahili. Ta ina zai fita?"

Aka dubi dekin, faɗinsa kamu shida. Aka dubi ƙofar zaure, kamu biyu da ɗan taƙi. Aka dubi Ja'afaru.

"Laifin zauren ne," in ji shi. "Wanda ya gina shi bai yi hangen nesa ba."

"Ni na gina shi," in ji Baba Umara. "Ubanka bai gaya min za a haifi bene a ciki ba."

Ja'afaru ya ce injiniya ba ya ja da baya. Ya ɗauki diga ya nufi katangar da ke kallon hanya. Raudatu ta ce kada ya kuskura. Ya ce ƙofa kawai zai faɗaɗa. Sara uku ya yi, katangar ƙasa ta yi tunani, ta kwanta gaba ɗaya, ta ja rabin ta Gwaggo Falta suka tafi tare. Da ƙura ta lafa sai ga Gwaggo zaune a gaban kasko tana suyar ƙuli-ƙuli, maza talatin suna kallonta, awakinta kuma sun riga sun kama hanyar lambun dagaci. Gwaggo ta ɗauki muciya ta yi kan Ja'afaru. An ce zagaye uku suka yi wa rijiya kafin Malam Sha'aban ya iso ya shiga tsakani.

Aka ɗora dekin a amalanken Uzairu. Taya ɗaya ta ce fus, ɗayar ta bi ta. Bijiman suka waiwayo suka dubi kayan, suka kwanta suka fara tuƙa.

"Mirgina shi za a yi," in ji Ja'afaru. "A kawo taɓare!"

Aka bi gida-gida aka tattaro taɓaren matan gari, aka jera a ƙasa, ana turawa ana ɗauko na baya ana kaiwa gaba. Tun hantsi ake abu ɗaya sai la'asar sakaliya aka isa filin Islamiyya. Ranar babu gidan da aka ji daka a Tudun Kanya. Maza suka koma gida da yunwa suka tarar da mata zaune sun naɗe hannu, kowacce tana cewa a je a ci bene.

Kafa ginshiƙai ya zo da nasa labarin. Da aka tsayar da su a ramuka sai ga biyu sun yi wa biyu rata da fiye da kamu guda.

"Biyu sun je makaranta, biyu ba su je ba," in ji Baba Umara.

"Da gangan ne. Gangara ce don ruwan sama."

"To me ya sa dogayen ba sa gefe ɗaya? Na ga ɗaya a gabas, ɗaya a kusurwar yamma."

Ja'afaru ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗauko bulo uku-uku daga na Baba Umara ya ɗora a kan gajerun, ya cike abin da ya rage da tsohuwar taya. Ya ce wannan shi ne ake kira sifirin, yana maganin girgizar ƙasa.

Saura ɗagawa. Aka roƙo tarakta daga wani babban manomi. Ja'afaru ya ɗaure dekin da igiyoyi, ya jefa su ta kan babban reshen darbejiyar da Malam ke karantarwa a ƙarƙashinta, ya ɗaura a bayan tarakta. Ya tsaya a gefe yana juya hannu sama yana busa usur, yadda ya ga ana yi wa mai injin ɗaga kaya.

"Malam Ja'afaru," in ji Malam Sha'aban, "bishiyar nan ita ce ajinmu fa."

"Malam, daga yau ta yi ritaya."

Tarakta ta ja. Dekin ya tashi taƙi ɗaya. Reshen ya ce ƙaƙas, ya sauko da rabin bishiyar. Malam ya dubi inda inuwarsa take a da, ya ga rana tsaye, ya yi salati a hankali ya je ya zauna a kan bulo.

Uzairu ne ya ce a tara ƙasa a yi tudu har tsayin ginshiƙai a jawo dekin a kai. Ja'afaru ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan. Kwana huɗu ana jidar ƙasa. Rana ta biyar tarakta ta ja, mutane suka tura, dekin ya hau, ya yi gyangyaɗi, ya zauna a kan ginshiƙai huɗu. Aka kwashe ƙasar. Bai faɗi ba.

Ai kuwa sai gari ya ɗauka. Waɗanda suka zage shi jiya suka ce dama sun san yaron nan da ƙwaƙwalwa. Ja'afaru ya daina amsa sallama sai an haɗa da Injiniya. Ya sa mai shela ya zagaya cewa ranar kasuwa za a buɗe ginin haɗawa na farko a duk ƙasar Makoda.

Ranar kasuwa fili ya cika, har da 'yan ƙauyukan kewaye. Aka ajiye wa dagaci kujera. Ja'afaru ya ce a shigo da ɗalibai ƙarƙashin rumfar su yi karatu a gani. Baba Umara ya miƙe ya tsaya a gaba da sandarsa.

"Ko ɗan kaza ba zai shiga nan ba sai wanda ya yi ta ya fara hawa."

"Hawa? Baba, rawa ma zan yi."

Ya kafa tsani ya hau, sanye da sabuwar shadda, hular kwano tana ƙyalli. Ya tsaya a gefe ya yi jawabi. Ya ce daga nan yana hango Makoda, in ya yi ɗage har Bici. Ya ce nan da shekara biyu za a daina ganin bulo a ƙasar Kano, masu shi kuma su nemi wata sana'a tun da wuri. Sannan ya buga ƙafa.

"Kun ji? Dutse!"

Ya yi tsalle ɗaya a gefen da rodi yake. Aka yi tafi. Ya matsa ciki ya yi na biyu. Aka yi kabbara. Daɗi ya kwashe shi, ya taka har tsakiya, ya tattare riga, ya ce wannan na Baba Umara ne, ya tashi sama.

Ƙwaryar Inna ta karɓe shi. Ƙafarsa ta dama ta ɓurma har cinya ta leƙo ta ƙasa tana wutsil-wutsil, takalmi ya faɗo, hular ta gangara ta sauka a gaban dagaci tana juyi.

Sai muryar Raudatu daga cikin mata: "Ai kuwa shugaba ta riƙe baƙonta!"

Dariya ta ɓarke har masu talla suka ajiye faranti.

"Gwaji ne!" in ji Ja'afaru daga sama. "Wurin fanka nake aunawa! Uzairu, zo ka cire ni!"

Uzairu ya shiga ƙasa ya kama ƙafar yana ja ƙasa. Wasu biyu suka hau tsani suka kama hannuwa suna ja sama. Ja'afaru yana ihu a tsakiya yana cewa su yi shawara tukuna. Ƙafar wandon ta yage ta biyo Uzairu, ya faɗi zaune da ita a hannu. Daga cikin dekin kuma aka fara jin ƙas, ƙas, ƙas, karan dawa yana sallama ɗaya bayan ɗaya.

Nan Baba Umara ya daina dariya. Ya kori kowa daga ƙasa, ya sa aka kawo azara huɗu aka tokare, ya ce na sama su sauko saura mutum ɗaya. Ya aika wurin Gwaggo Falta a kawo man gyaɗa.

"Sai ya ce zai gina min katangata," in ji Gwaggo, tana riƙe da kwalba a baya.

"Zan gina, Gwaggo!"

"Da bulo ko da iska?"

"Da bulo! Wallahi da bulo!"

Aka tsiyaya man a cinyar, aka murɗa shi hagu, aka murɗa dama, ya fito sumul kamar an zare ludayi daga miya. Ya sauko tsani da wando ƙafa ɗaya, cinya tana sheƙi. Bai yi taku goma ba tayar nan mai maganin girgizar ƙasa ta zame, bulo ya bi ta, dekin ya yi wata doguwar ajiyar zuciya ya sauko ƙasa ya rabu gida biyar. Ɓallin ƙorai ya watsu har gaban dagaci.

Ja'afaru ya tsaya a cikin ƙura. Ya dubi Malam Sha'aban, ya dubi yaran da suka yi cirko-cirko da allunansu a rana, ya sunkuyar da kai.

Baba Umara ya zagaya ɓaraguzan da sandarsa. Ya tsaya a kan ɓallin tsakiya, wanda ya fita kusan murabba'i da ƙofa zagayayya a cibiyarsa. Ya tsuguna ya auna ƙofar da tafin hannu. Ya miƙe, ya ware ƙafafu a gefe da gefenta, ya ɗan rage tsawo, ya gyaɗa kai.

"Malam," ya ce, "wannan kam aiki ne. In aka cire kara aka sa rodin gaske, ban taɓa ganin murfin masai mai kyan wannan ba."

Dagaci ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

Ajin dai Baba Umara ya gama shi da bulo da kwano kwana uku kafin ruwan fari. Ja'afaru ne ya ba bulon ruwa, shi ya yi jidar yashi, shi ya tayar da katangu biyu, Gwaggo tana zaune a kansa da muciya a cinya. Ɓaraguzan dekin aka farfasa aka shimfiɗe a cikin ajin aka bi da jar ƙasa aka daɓe, yara suka yi daminarsu a busasshen wuri. A tsakanin haka tsohon ya koya masa yadda ake ɗaure rodi, da yadda ake auna siminti da yashi, da cewa ƙwarya ɗaya tak ake kifewa, ita ma a cire ta in ya bushe.

Kafin kaka, Ja'afaru yana zuba murfin masai shida a mako, a fili, nesa da kowane zaure. Daga Makoda ake zuwa da amalanke a ɗauka, don nasa ba ya tsagewa, dagaci ma da kansa ya sayi ɗaya. Wata ranar kasuwa wani baƙo ya tsaya yana kallo, ya tambaya ko shi ne injiniyan da rumfarsa ta faɗi.

Ja'afaru ya ajiye shebur, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Rumfa? Wannan ai gwajin farko ne. Na ce zan kawo ginin haɗawa garin nan, na kuwa kawo. Je ka Abujar ka tambaya, a cikin injiniyoyinsu kaf, wane ne dagaci guda yake tashi da sassafe ya je ya tsuguna wa aikinsa?"